Buhun Zakka da Dokin Maroƙi: Sharhi a Kan Jigon Bayarwa a Waƙoƙin Wa'azi

Da farko ina neman afuwar malamanmu da 'yan'uwana 'yan wannan ƙungiya, domin abin da zan taɓo a wannan ɗan sharhi ya fi ƙarfin ɗalibin da ko digirin farko bai gama ba. Waƙoƙin da zan yi magana a kansu na magabata ne, waɗanda ko buzunsu ban isa in ɗauka ba. Amma dai an koya mana a aji cewa feɗe waƙa ba raina mai ita ba ne, kuma yabo kaɗai ba shi ne sharhi ba. To, a kan wannan izini na dogara.

Abin da ya jawo wannan rubutu ɗan ƙaramin abu ne. A hutun da ya wuce ina kan hanyar zuwa gida Doguwa, motarmu ta tsaya a Kwanar Ɗangora don direba ya ƙara fasinja. Sai ga wani makaho da ɗan jagoransa sun zo jikin taga, yana rera Imfiraji ta Aliyu Namangi da wata murya mai sanyi wadda ta sa duk surutun cikin motar ya lafa. Har wata dattijuwa da ke bayana ta riƙa yin salati. Ni ma jikina ya yi sanyi, na sa hannu a aljihu. Takardun naira ɗari guda biyu ne a ciki, ɗaya sabuwa fil, ɗaya kuwa ta tsufa har an liƙe tsakiyarta da salatif, irin wadda mai shayi kan juya ta sau biyu kafin ya karɓa. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi shawara da zuciyata ba, yatsuna suka lalubo tsohuwar suka miƙa. Makahon ya shafa ta, ya sa albarka, suka yi gaba. Har muka wuce Tudun Wada muka shiga dajin Falgore abin yana damuna. Waƙar ta shige ni, babu ko shakka, tunda har ta sa na yi kyauta. To me ya sa ba ta isa inda ake zaɓe ba? Me ya sa ta iya buɗe aljihu, amma ba ta iya nuna wa hannu takardar da zai ɗauka ba?

Da na isa gida lokacin kaka ne, ana ta sussukar masara. A can na ga babbar yayar wannan takarda tawa. Wani dattijo a danginmu, mutum mai salla da azumi wanda bai taɓa tsallake zakka ba, ya sa aka auna masararsa aka ɗura a buhuna. Lissafi daidai, buhu goma a fitar da ɗaya, ko ƙwaya bai rage ba. Sai dai buhunan da aka jingine gefe don zakka daga ƙasan tsibi aka cika su, inda damshi ya taɓa, ƙwayar ta yi duhu, ga gutsattsarin totuwa. Tsabar da ta yi fari tas kuwa ita aka ɗinke don kasuwa. Ban ce masa komai ba, domin da wane baki zan faɗa, alhali salatif ɗin takardata bai bar idona ba? Kuma na tabbata shi kansa bai ga laifin abin ba. Ya biya bashi, an kuwa ce da shi bashi ne.

A nan ya kamata mu ɗan leƙa fiƙihu kafin mu koma ga waƙa, ko da yake ni ba malaminsa ba ne, abin da aka biya mana a zaure kawai zan maimaita. Shari'a ta yanka adadi ƙarara. Hatsi idan ya kai ausuƙi 5, watau sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar da shi, ɗaya cikin ashirin idan da wahalar ban-ruwa aka noma shi. Kuɗi kuma ɗaya cikin arba'in ne idan sun kai nisabi suka shekara. Amma game da kyan abin da za a bayar, akwai wani abu mai ban sha'awa. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya gargaɗe shi da kada ya ɗebi mafi daraja daga dukiyar mutane. Saboda haka mai karɓar zakka ba ya ɗaukar ramammiyar dabba, ba ya kuma ɗaukar zaɓaɓɓiya, tsaka-tsaki yake nema. Watau hukuma ba ta da ikon ƙwace mafi kyau. An bar wannan ga mai dukiya shi da zuciyarsa. Alƙur'ani kuwa ita zuciyar ya yi wa magana: aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana mutum ya nufi mummunan abinsa ya bayar, abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Malaman tafsiri sun ce ta sauka ne a kan masu rataye busasshen dabino marar kyau a masallacin Madina don matalauta. Aya ta 92 ta Ali Imrana kuma ta ɗaura samun nagarta a kan bayar da abin da mutum yake so, kuma jin ta ne ya sa Abu Ɗalha ya sadaukar da lambunsa na Bairuha, wanda ya fi so cikin duk abin da ya mallaka.

To, idan doka ta tsaya a tsaka-tsaki, ta bar sauran tafiyar ga zuciya, wa ke da aikin raka zuciya? A ganina babu wanda ya fi mawaƙi cancanta. Alƙali ba ya shiga nan, mai awo ba ya shiga. Wannan fili na adabi ne tsantsa. Shi ya sa na koma ga waƙoƙin wa'azin da muka karanta a aji da waɗanda na taso ina ji, ina neman inda suka yi wannan aiki.

Duk wanda ya duba aikin Mervyn Hiskett na 1975 a kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa, ko kundin Abdulƙadir Ɗangambo na 1980 a kan waƙoƙin wa'azi, ya san cewa wa'azi da ƙafa biyu yake tafiya, tsoratarwa da kwaɗaitarwa. Ana zana wa mai sauraro mutuwa da kabari da tsayuwar alƙiyama da wuta, sa'an nan a buɗe masa ƙofar aljanna ya hango. A wannan fage mawaƙanmu ba su da na biyu. Gangar Wa'azu ta Malam Muhammadu na Birnin Gwari, tun daga sunanta ka san ta zo ne ta ta da mai barci. Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fillanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, ita kuwa ba ta ko jin tsoron masu mulki. Ta bi azzalumai ɗaya bayan ɗaya, mai cin hanci, mai ƙwace, mai ha'inci a kasuwa, kowa ta faɗa masa makomarsa, tana buga kalma ɗaya a ƙarshen kowane baiti kamar mai buga hatimi. Ban san wata waƙa da ta fi ta ƙarfin hali ba. Amma a lura, nauyin irin waɗannan waƙoƙi yana kan hani ne: kada ka ci, kada ka ƙwace, kada ka hana. Idan aka zo kan zakka da salla a wa'azi irin wannan, yawanci a jerin farillai suke zuwa, wanda ya yi ya tsira, wanda ya bari ya halaka. Tsoro kuwa, kowa ya sani, iyakarsa ya sa ka biya. Wanda ɗan doka ya tsare don haraji ba ya zaɓo sababbin kuɗi, abin da ya cika lissafi yake nema ya rabu da masifa. Dattijon nan namu ɗan wannan makaranta ne, kuma ya ci jarrabawarta.

Akwai wata matsala da ta fi wannan zurfi, ita ce ta siffantawa. Mawaƙan wa'azi sun gaji hoton duniya daga littattafan zuhudu. Wani lokaci a mutunta ta a mayar da ita mace mayaudariya wadda ta yi kwalliya a kan tsufa, ta auri wannan ta kashe, ta koma ga wancan. Wani lokaci a ce mushe ce, wani lokaci rumfar kara, wani lokaci kasuwar da za ta watse kafin magariba. Hotuna ne masu kama jiki, kuma suna da amfaninsu, domin suna sassauta riƙon da mutum ya yi wa dukiya. Amma mu tsaya mu tambayi kanmu: idan waƙa ta gama tabbatar mini cewa duk abin da ke hannuna mushe ne, ta yaya za ta juyo ta ce in zaɓi mafi kyawunsa in bayar? Ai mushe ba shi da cinya mai kyau. Wanda aka koya wa cewa dukiya ƙazanta ce, idan ya tashi bayarwa, shara yake yi, shara kuwa daga abin da ba a so take farawa. Alƙur'ani bai bi wannan hanya ba a ayar da na ambata, domin da farko ya kira abin da muka samu da abin da ƙasa ta fitar mana masu daɗi, sa'an nan ya ce a bayar daga cikinsu. Sai abu ya zama mai daraja a idonka kafin rabuwa da shi ta zama kyauta. A nan nake ganin salon waƙar ya yi wa jigonta ƙafar ungulu ba da saninsa ba.

Kada wani ya ce na yi wa Aliyu Namangi rashin adalci. Shi wannan bawan Allah na Zariya, wanda aka haifa a 1894 ya rasu a 1990, makaho ne tun yana ƙarami, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa saboda waƙoƙinsa. Imfiraji ba tsoro kaɗai ke cikinta ba, akwai begen Annabi wanda ya cika ta har ya tumbatsa, shi ne ma ya sa dattijuwar nan ta motarmu ta yi salati. Kuma idan ana maganar ba Allah mafi kyau, ita waƙar kanta misali ce. Mutum ne da ba shi da gona, ba shi da shanu, abin da Allah Ya hore masa harshe ne da kunne, sai ya ɗauki mafi kyawun abin da ke cikinsu ya miƙa. Dubi yadda kowane baiti mai ɗango biyar yake zaune daram a kan karinsa, babu inda aka yi cikon ganin dama. Bai cika buhunsa daga ƙasan tsibi ba. Abin da nake cewa kawai shi ne, wannan darasi a ƙirar waƙar yake, sai mai nazari ya tono shi. Fasinjan mota ba ya jin sa. Har ila yau akwai wani abin takaici da zamani ya yi wa waƙar: da yake ta zama abin rerawar mabarata a tasha da kasuwa, kunnenmu ya riga ya haɗa muryarta da canjin da ya rage a aljihu. Da ka ji an ɗauko ta, hannu ya san ma'aunin da zai yi awo da shi. Laifin ba na Namangi ba ne, amma a kan waƙarsa ya faɗa.

Yanzu mu tsallaka wancan ɓangare, mu ga inda harshen Hausa ya ajiye gwanintarsa ta siffanta kyauta. Ba wani wuri ba ne illa bakin makaɗa da maroƙa. Je ka saurari makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ko Mamman Shata a gaban attajirai. A can ba a cewa an ba ni abu, a yi shiru. Sai an faɗi irinsa. Idan doki ne a faɗi launinsa da tafiyarsa, idan riga ce a faɗi aikinta, idan mota ce a kira sunanta, idan kujerar Makka ce a sanar da duniya. Narambaɗa ma waƙa sukutum ya yi wa doki, ita ce Dokin Iska Ɗanfilinge. Sanƙira kuma yana tsaye yana shelar abin da kowa ya ajiye, wanda ya yi abin kunya a yi masa zambo ya kwana bai yi barci ba. Sakamakon haka, babu basaraken da zai kuskura ya ba makaɗi gurgun doki. Wannan adabi ya yi nasarar da wa'azi bai yi ba, ya koya wa Bahaushe cewa kyauta tana da daraja hawa-hawa, kuma ana gane mutum da irin abin da ya zaɓa ya bayar. Har yau abin bai canja ba. Ranar biki sai a nemo sababbin kuɗi 'yan banki, har a saye su da riba, don a yi liƙi, ko da yake dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana. Ranar Juma'a kuwa a buɗe asusun masallaci a ga irin takardun da ke ciki. Abubakar Imam ya hango wani ɓangare na wannan hali tun a Ruwan Bagaja ta 1934, inda mutanen gari suka rungumi Alhaji Imam yana malantar ƙarya, suka kori Malam Zurƙe saboda ya kira zanen da aka yi a ƙasa da sunan baƙi, shi kuwa Alhaji ya ce jinjirin wata ne. Wanda ya iya burge taro, shi ke kwashe girma da abin da ke biye da girma.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi, ba zan yi kamar ban gan ta ba. Maroƙi da idon jama'a yake aiki. Abin da ke sa attajiri ya zaɓi mafi kyau shi ne za a faɗa. Mai wa'azi kuwa an ɗaure masa hannu, domin addinin da yake kira a kai ya fifita sadakar ɓoye, ya kuma ce riya tana cinye aiki. To ta yaya za ka yi wa kyautar da ba a so kowa ya gani kirari? Idan mawaƙin wa'azi ya ari ganguna da sanƙira, ai ya rushe abin da yake ginawa. Wannan gaskiya ne, kuma ina jin shi ya sa magabata suka gwammace su tsaya a kan adadi, domin adadi ba ya jawo alfahari sosai, farilla ce kowa da tasa. Amma ban yarda cewa hanyar ta toshe ba. Abin da za a ara wurin maroƙi idonsa ne, ba makogwaronsa ba, watau iya kallon abu a ga kyansa a kuma kira shi da sunansa. Aro irin wannan ba baƙo ba ne. Manazarta sun nuna dangantakar karin Imfiraji da kiɗan caji wanda aka yi yayi a lokacin, ke nan Namangi da kansa ya shiga dandali ya ɗauko abin da ke jan kunnen mutane ya kai shi zaure.

Wurare biyu na ga an kusanci abin da nake nema. Na farko marsiyoyin Nana Asma'u ne, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ko da yake da yawansu da Fillanci ta yi su. Idan ta tashi kukan wanda ya rasu, ba sarautarsa ko yawan dukiyarsa take lissafawa ba, halinsa take faɗa: karɓar baƙi, kula da mabukata, haƙuri da dangi, karantarwa. Kuma ba manya kaɗai ta yi wa ba, har da mata waɗanda ba su da wata sarauta. Dabarar a nan ita ce mutuwa ta riga ta kawar da tsoron riya, wanda ake yabo ba ya nan balle kansa ya kumbura, saboda haka ana iya buɗe kyautarsa a nuna wa masu rai. Wa'azi yana magana a kan jinsin mutane, marowata da masu kyauta, marsiya kuwa mutum ɗaya take ɗorawa a gabanka da fuskarsa. Kuma ita Asma'u ta ga abin da idonta, domin 'yan taru, matan ƙauye da jajinsu ke jagoranta, sukan taka doguwar tafiya su zo wurinta neman ilmi ɗauke da sadaka daga abin da suka noma ko suka sana'anta. Na biyu kuwa Waƙar Damina ce ta Na'ibi Sulaimanu Wali. Ba waƙar zakka ba ce ko kusa, amma ta yi abin da hoton mushe ya hana. Ta kalli ruwa da tsiro da murnar halitta bayan wahalar bazara ta ce wannan ni'ima ce, a gode. Manomin da ya ji gonarsa a cikin waƙa a matsayin kyautar da aka yi masa, ya fi kusa da ya mayar da kyauta da irinta.

Batun lokaci ma haka yake, sai dai ya fi ɓuya. Bahaushe ya raba yininsa da sunayen salla: asuba, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha. Ko alƙawarin cin bashi za a yi, da su ake yi. A harshe dai mun ba Allah yinin gaba ɗaya. A aikace fa? A wajenmu, inda damina ta fi ta birnin Kano tsawo, manomi ya san sa'ar da jiki ke da ƙarfi, daga fitowar rana zuwa hantsi, kuma ya san inda yake kai ta. Wannan ba laifi ba ne, noma ma ibada ne ga mai niyya. Amma mu ɗalibai da ba mu riƙe fartanya, ina muke kai tamu? Ni dai na san lokacin da kaina ya fi sauƙin ɗaukar karatu, na kuma san cewa jarrabawa nake ajiye wa shi, abin da ya ragu waya ta cinye. Lisha kuwa sai ido ya yi nauyi, a yi ta kamar ana korar kaji. Raka'a huɗu cif, ba a rage ko ɗaya ba, buhu ɗaya cikin goma ke nan daga ƙasan tsibi. Littattafan da muka fara da su a zaure, irin su Ahalari da Ishmawi, sun koya mana abin da ke gyara salla da abin da ke ɓata ta, aikinsu ke nan kuma sun yi shi. Waƙoƙin wa'azi sun tsoratar da mai barin salla har ya ji a jikinsa. Wanda bai bari ba, amma yake ba ta ragowar yininsa, shi ne bai sami mawaƙinsa ba tukuna. A nan ma masu bege sun ɗan fi kusa, domin wanda ya raba dare yana karatun Ishiriniya a watan Mauludi ba tsoro ne ya zaunar da shi ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafi ƙasarmu ta kudancin Kano musamman. Tsofaffin waƙoƙin nan a ƙasar gero da dawa aka yi su, inda dami goma ke nufin dami ɗaya na zakka, magana ta ƙare. Yau kuwa tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974 noman rani ya canja fuskar yankin, ga shinkafar Tudun Wada, ga rake, ga dankalin Turawa da ake lodi daga Doguwa. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a fitar da zakka daga jikin dankali da rake da tumatir, sai dai kuɗinsu idan sun kai nisabi suka shekara, alhali Abu Hanifa yana ganin a fitar daga duk abin da aka noma. Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan na malamai ne da Hukumar Zakka da Hubusi da Jihar Kano ta kafa a 2003. Abin da ya shafe mu shi ne, ga manomi da zai iya samun abin da ya fi na masara daga dankali, kuɗin su shige taki da aure da gini kafin shekara ta zagayo, lissafi bai kama shi da ko kwabo ba. Wa'azin da ya dogara da adadi da tsoro ba shi da abin faɗa wa wannan mutum, domin ba ya cikin waɗanda aka yi wa narko. Idan akwai abin da zai sa ya cika kwando da manyan dankali ya aika gidan marayu na unguwarsu, to ba daga wannan ƙofa zai shigo ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, hoton da ake bukata yana nan rataye a gidan kowane manomi. Shi dattijon nan namu, kafin a fara sussuka, da kansa ya zauna a kan tsibin ya tsince zangarkun da suka fi girma da cikar ƙwaya, waɗanda ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ba, ya ɗaure su ya rataye a inda hayaƙi ke bugu. Iri ke nan. Ba wanda ya tsoratar da shi, ba wanda ya yi masa kirari, kuma a ƙasa zai binne su inda ba mai gani. Ya yi haka ne don ya sakankance cewa abin da ya binne shi zai tashi. Suratul Baƙara, aya ta 261, da wannan hoto ta kwatanta ciyarwa don Allah, ƙwaya ɗaya da ta fitar da zangarniya bakwai. Ga mutum ya san zaɓe sarai, ga aya ta kira sadaka shuka, tsakanin rataye da jinginannen buhu bai fi taku goma ba, amma ba a sami baitin da ya haɗa masa su ba.

A cikinmu 'yan wannan ƙungiya akwai masu rubuta waƙa, ina kuma karanta abin da suke kawowa wannan mujalla. Yawancin na wa'azin cikinsu har yanzu duniya ce tsohuwa mai kwalliya, kabari ne mai duhu, da amsa-amon da aka gada. Zan so wani ya bi ni Doguwa kaka mai zuwa, masauki da tuwon masara a wuyana, ya zauna a bakin tsibi ya ga yadda ake tsince iri da yadda ake cika buhun gefe. A hanya ma mu tsaya Kwanar Ɗangora, ko Allah Ya sa mu tarar da makahon nan, domin sabuwar takardar tana nan cikin littafina na ajiye masa.